Idon da Na Ɗaura wa Bindigar Ankul Tan

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a mamak, wato gidan abincin da ke kusurwar layinmu a Sri Petaling, wani ɗalibi mai suna Mubarak ya turo mini wayarsa ta kan tebur. Bidiyo ne. Wani Bature a garejin gidansa ya ɗauko ƙaramar bindiga, ya zaro sabon saiti daga kwali, ya ɗora, ya ɗaure sukuru biyu, ya juyo yana murmushi. Kafin shayina ya huce ya gama. Mubarak ya ce, "Baba Haladu, wai wannan ne aikin da ya kawo ka Malesiya? Ai ko ni zan iya lah," ya ƙarasa da karin 'yan garin. Sauran suka yi dariya, na taya su. Ban ba shi amsa ba a ranar, domin abincinsu ya iso, kuma mamak ba wurin dogon bayani ba ne. To, ga amsar yanzu, gare shi da ku sauran da kuka yi dariyar.

Kafin komai, ku riƙe wannan. A ƙasar nan ba a wasa da bindiga. Harsashi ɗaya a aljihun wanda ba shi da lasisi ya isa ya rufe masa karatu, ya rufe masa rayuwa. Ni da kuke gani ban taɓa mallakar bindiga a nan ba, ba kuma zan mallaka ba. Ina aiki ne a ƙarƙashin lasisin maigidana, Haji Rahim, wanda ke da ɗakin gyara a wani kulob na masu wasan harbi a bayan gari. Duk bindigar da na taɓa, mai ita yana da takardunsa, Haji kuma ya san da ita. Don haka abin da zan faɗa ba don wani ya je ya gwada ba ne. Don ku san abin da bidiyon ya yanke ne.

A Kaduna na koyi aikin, wurin Malam Garba, tsohon soja da ya yi shekaru yana kula da ma'ajiyar makamai. Da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan shago yana yi wa mafarauta da 'yan kulob gyara. Ranar da mahaifina ya kai ni, na zaci zai miƙo mini bindiga. Sai ya miƙo mini guntun ƙarfe da magagari, ya ce in goge fuskarsa ɗaya ta kwanta. Na goge har yamma, na kai masa. Ya shafa wa wani gilashi baƙin fitila, ya kifa ƙarfen a kai, ya ɗaga. Baƙin ya kama wuri biyu kacal, sauran duk rami ne da idona bai gani ba. Ya mayar mini. Damina ta shigo ta fita ina kan wannan guntun ƙarfe da 'yan uwansa. Sai da baƙin ya riƙa kama fuskar gaba ɗaya sannan ya bar ni na kwance sukuru na farko.

Shi ma sukurdireban ba na kasuwa ba ne. Na kasuwa bakinsa tsuke yake kamar na gatari, in ka matsa sai ya zame ya yage kan sukurun. Malam Garba kowane sukuru yana da nasa sukurdireba, da ya wasa da hannunsa har ya cika tsagar daidai, ba rawa. Idan aka kawo masa bindiga, kawunan sukurun yake fara dubawa, daga nan ya san hannu nawa suka taɓa ta da irin masu hannun. Dokarsa ta farko kuwa, wadda ya taɓa kora ta gida saboda ita, ita ce: duk bindigar da ta shigo hannunka, buɗe ta ka leƙa cikinta, ko da shi ne ya leƙa yanzun nan ya miƙo maka.

A shagon nan na san Haji Rahim. Lokacin matashin injiniya ne da kamfaninsu ya turo Kaduna, yana zuwa kulob ranar hutu. Ƙotar bindigarsa ta tsage, na ɗinke ta da turakun katako ta ciki yadda ba a ganin wurin. Ya koma ƙasarsu, shekaru suka wuce. Malam Garba ya rasu, shagon ya dawo hannuna, aikin kuma ya sauya. Masu takarda suka ragu. Waɗanda suka fara zuwa su ne masu naɗo bindiga a buhu, su tsaya daga bakin ƙofa ba sa son a kalli fuskarsu. Na ƙi na farko, na ƙi na biyu, na uku ya tsaya ya daɗe yana kallon shagon kafin ya tafi. Na kulle. Ina zaune ba aiki sai ga kiran Haji, ya ce ya bar aikin injiniya ya buɗe ɗakin gyara, yana neman mai hannu. Na bar iyali a Kaduna na taho da jakar kayan aikina. Ina zuwa gida idan hali ya yi. Auren 'yata ta biyu a waya na halarta, a tsaye a bayan ɗakin gyara inda sabis ya fi ƙarfi.

Yanzu bari in gaya muku menene abin da Baturen nan ya ɗaura. Saitin da bindiga ke zuwa da shi kashi biyu ne: 'yar tsaga a baya, ɗan tsini a gaba kusa da baki. Mai harbi zai sa tsinin a tsakiyar tsagar, ya ɗora shi a kan abin da yake nufi. Abu uku ke nan, ɗaya kusa, ɗaya tsakiya, ɗaya nesa, ido kuwa ɗaya yake iya gani tas a lokaci guda. Idon yaro yana tsalle tsakaninsu da sauri har bai san yana yi ba. Idon tsoho ba ya iyawa, tsagar baya sai ta zama hayaƙi. Shi wannan saiti na Baturen ɗan faifai ne mai ƙaramar huda, ana ɗaura shi can baya kusa da fuskar mai harbi. Ba kallonsa ake yi ba, leƙawa ake ta cikinsa, ido da kansa yake neman tsakiyar hudar. Sai aiki ya ragu zuwa abu biyu. A shagon Malam Garba "ido" muke ce masa, har yau haka nake kiransa.

Wanda ya fi kawo mini aiki a kulob shi ne wanda ya kalli irin bidiyon Mubarak. Akwai wani mai kamfanin kwandishan da ya shigo da bindiga a hannu ɗaya, leda a ɗaya hannun. A cikin ledar akwai ido, da sukuru uku, da wani ɗan sifirin da shi kansa bai san daga ina ya faɗo ba. Ya ɗaure sukuru ya ga yana rawa, ya ƙara ƙarfi har haƙoran ramin suka cinye, sai ya tsiyaya gam mai kama ƙarfe ya danna. Gam ɗin ya gangara ciki ya riƙe sakatar bindigar, wato ƙarfen da ake ja a sa harsashi. Kwana da kwanaki ina jiƙa wurin ina ɓanɓarowa da tsinken tagulla don kada in karce. Da ya zo karɓa, abin da ya tambaya shi ne me ya sa na daɗe. Akwai kuma wata yarinya 'yar gasa, ba ta fi ku shekaru ba, da ta ce mini saitinta ya karkata dama. Na ɗora lebur, ma'aunin nan mai nuna karkata, na ga daidai. Ta ce in sake dubawa. Na kwance, sai ga silin gashi guda a ƙarƙashin gindin. Tun daga ranar, in mai harbi ya ce abu ya karkata, ba na musu sai na kwance.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekarata. An rufe kulob, bindigogi suka kwanta a akwatunan ƙarfe, Haji ya maƙale a ƙauyensu a arewacin Malesiya. Ni ina ɗakina a Sri Petaling. Iskar garin nan cin ƙarfe take, ba irin ta Kaduna ba ce, in ka bar magagari sati biyu sai ka tarar ya yi ja. Don haka kullum da safe nakan shimfiɗa tsumma, in jera kayan aikina, in shafe su da mai ɗaya bayan ɗaya, in mayar. Aikin ranar ke nan. Ɗaliban da ke benenmu, waɗanda iyayensu suka samo wa jirgi suka tafi, waɗanda suka rage sukan ajiye mini fanka ko tukunyar dafa shinkafa a bakin ƙofa, su ƙwanƙwasa su koma. In gyara in ajiye a inda na ɗauka. Abinci tapau nake yi, wato a ƙunshe mini in tafi da shi, ta ƙasan ƙofar mamak da aka ɗaga rabi. Wata rana mai sayarwar ya tambaye ni abin da nake so, na buɗe baki murya ta ƙi fita don na daɗe ban yi magana da kowa ba, sai da na yi gyaran murya sau biyu.

Da aka buɗe kulob, matasa suka dawo, amma da yawa cikin tsofaffi ba su dawo ba. Cikinsu har da Ankul Tan. Ɗan asalin Sin ne, tsohon ma'aikacin safiyo, ya haura tamanin. Yana da tsohuwar bindiga ƙarama, irin wadda ake ce wa tu-tu, mai sakata, da ya saya tun yana saurayi. Kafin annoba duk sati yana zuwa da matarsa, shi yana harbi, ita tana zaune a rumfa tana ɓare lemo. A 'yan shekarun ƙarshe harbinsa ya lalace, harsashi yana warwatsuwa a takarda, yana ninke ta da sauri ya cusa a aljihu kafin wani ya gani. Daga baya muka ji matar ta rasu a shekarar, shi kuma ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu.

Wata rana ya kira Haji. Ɗansa da ke Ostareliya ya sayo masa ido ta intanet ya aiko, yana so a ɗaura. Ba ya iya zuwa kulob tukuna, likita bai yarda ba, kuma bai yarda bindigar ta bar gidansa ba shi ba. Haji ya sanar da waɗanda ya kamata a sanar, ya ce in je in yi aikin a can, a gaban mai ita. Ya ware mini Talata, domin ranar kulob ba mutane.

Talatar farko Haji ne ya kai ni da mota. Gidan yana wata tsohuwar unguwa, tasha kaɗan daga nan a jirgin ƙasa na LRT. Ankul Tan ya buɗe mana yana dafe da ƙarfen dogarawar nan mai ƙafa huɗu. Ya ja mu har ɗakin kwanansa, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya miƙo mini bindigar, ya ce tun kafin annoba ba a sa mata harsashi ba. Na ja sakata na leƙa. Ya kalli Haji ya yi dariya, ya ce wannan boleh, wato zai iya. Da Malayanci muke magana, nawa gurgu, nasa kuma da karin harshensu, amma mun fahimci juna.

Haji ya tafi ya bar mu, ni kuma a teburin cin abinci na yi aikin. Na shimfiɗa tsohon tawul, na ɗaure ɗan bais, ƙarfen nan mai matse abin gyara, a gefen teburin da fata a bakinsa don kada ya ciji ƙota. Na ɗora idon a kan 'yar hanyar da ke bayan bindigar, na ɗaure sukuru biyun nan na bidiyo. Ya zauna, in ka kalla daga nesa. Na sa yatsa na taɓa, sai ya yi rawa. Bindigar tsohuwar ƙira ce, hanyarta ta fi bakin idon tsukewa da abin da bai kai kaurin farce ba. A haka in an yi harbi, kowane harsashi zai tafi inda ya ga dama. Na yanko ɗan falle na tagulla, na fara gogewa ina shafa baƙin fitila ina gwadawa, irin na Malam Garba. Ranar a nan ta ƙare.

Da azahar ta yi na fara neman inda zan fita in yi salla. Ankul Tan ya ce in dakata. Ya ja ƙarfensa zuwa wata durowa, ya ɗauko tsohon kamfas ɗinsa na aikin safiyo, ya kai ni ɗakin da ba kowa, ya ɗora shi a ƙasa ya jira allurar ta tsaya, ya yi lissafi da baki, sannan ya ja layi da alli a kan siminti. Ya ce nan ce alƙibla, in na samu kuskure in kawo ƙara. Da na fito na tarar ya sa an kawo mana shinkafa daga kedai, wato shagon abincin wasu Malayawa Musulmi, da sababbin kofuna biyu da ko takardar jikinsu ba a cire ba. Ya ce, "Makan, Haladu." Muka ci.

Talata ta biyu ni kaɗai na je. Tagullar ta zauna, rawa ta tafi, sai wata matsalar ta fito. In aka ɗaga hannun sakata, yana bugun gefen idon. Abu mai sauƙi shi ne a tura idon gaba. Na sa Ankul ya zauna ya rungumi bindigar yadda ya saba, sai na ga wuyansa ba ya miƙuwa, fuskarsa tana tsayawa can baya. In na tura gaba, zai riƙa leƙen huda daga nesa, amfanin ya tafi. Dole idon ya zo inda fuskarsa take. Wani zai goge hannun sakatar, ni ba na haka. Abin da za a iya sayo wani shi ake gogewa, ba abin da ya shekara sittin a hannun mutum ba. Na kwance idon na ci gefensa da ƙaramin magagari, kaɗan-kaɗan, ina mayarwa ina gwadawa, har hannun ya wuce da ratar da takarda za ta shiga.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya taɓa faɗa. Ido ya fi tsohuwar tsaga tudu. In baya ta ɗaga gaba bai ɗaga ba, harsashi sama zai riƙa tafiya, ko ka juya maɓallin har ƙarshe. Na riga na auna tun zuwan farko, na yanko sabon tsini mai tsawo a ɗakin gyara na zo da shi a kwalin ashana. Na buge tsohon da guntun tagulla da guduma, na zura sabon. Sai hudar kanta. An yi ta don idon saurayi a rana tsaka, Ankul kuwa yana da yana a idon dama, ya leƙa ya ce duhu. Na faɗaɗa ta da siririn mahuji, juyi ɗaya in miƙa masa ya leƙa, juyi ɗaya in miƙa masa, domin ƙarfen da ka cire ba ya dawowa. Da ya ce ya isa, na turara cikin hudar da hayaƙi don kada ta yi ƙyalli.

A gida ba a harbi, don haka gwajin da ido ake yi. Na zare sakatar gaba ɗaya, na daidaita bindigar a bais tana kallon taga, na leƙa ta cikin bututun har na samu wani tabon tsatsa a jikin tankin ruwan maƙwabta, can ƙetaren titi. Na bar ta a haka, na juya maɓallan idon har tsinin gaba ya hau kan tabon. Na ja kujera na ce ya zo. Ya zauna, ya kwantar da kumatu a kan ƙota, ya leƙa ta cikin idon. Ya daɗe. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Akwai tsuntsu a kan tankin. Ina ganin ƙafarsa."

Aiki ya ƙare ke nan. Na fara naɗe tawul, sai ya ce yana ganin kamar ya ɗan karkata hagu, ko zan dawo Talata in duba. Na tuna yarinyar nan mai silin gashi, na ce to. Na dawo na ɗora lebur, daidai. Na kwance, ba komai a ƙasa. Na goge na mayar na ɗaure. Ya leƙa ya ce yanzu ya fi. Ya riga ya sa an kawo shinkafa. Da zan tafi ya ce hudar kamar ta yi masa faɗi da yamma, sai dai a gwada da hasken safe. Talatar da ta biyo baya tsinin gaba ne ya yi kauri. Wadda ta bi ta, wani ƙara yake ji a cikin ƙota. Kowane mako nakan kwance abin da ya ce, in duba da gaske, in mayar yadda yake. Haji ya tambaye ni sau ɗaya ko aikin bai ƙare ba. Na ce mai bindiga bai gamsu ba tukuna. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ba hira mai yawa muke yi ba. Wani lokaci ya ba ni labarin dazuzzukan da ya auna kafin a yi titunan da kuke bi zuwa Bukit Jalil, da yadda matsattsaku ke shiga takalmi. Ni in ba shi na kogin Kaduna idan ya cika. Yawanci dai ina goge ƙarfe, shi yana zaune yana kallon hannuna, fanka tana juyawa. Kujerar matarsa da ke kusa da taga ba mai zama a kanta, ni ma ban taɓa jan ta ba. Layin allin yakan goge cikin mako, kowace Talata in tarar an sabunta shi.

Da likita ya ba shi izinin fita, Haji ya ɗauko mu zuwa kulob da safe. Muka zaunar da shi a benci, na sa masa buhun yashi a ƙarƙashin bindigar. Ya sa harsashi, ya kwantar da kumatu, ya harba. Na farko da na biyu suka sauka sama kaɗan. Na juya maɓalli. Ya sake, suka matso. Na ƙara kaɗan, na ja baya na bar shi. Ya yi ta harbi a hankali, yana hutawa tsakani, har kwalin ya ƙare. Da aka kawo takardar, ramukan duk sun taru a baƙin tsakiya, murfin kwalba zai rufe su. 'Yan matasan da ke layin kusa suka zo suna leƙe. Bai ninke ta ba. Ya shimfiɗa ta a kan cinyarsa ya dafe da hannu biyu.

A nan ya gaya wa Haji cewa ranar Talata zai kai bindigar ofishin 'yan sanda ya miƙa ta tare da lasisin. Ɗansa ya gama shirya komai, ƙarshen wata zai zo ya tafi da shi Ostareliya, gidan ma an samu mai saye. Haji ya tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun kafin a aiko da idon. Ya ce yaron ya so ya miƙa ta tun lokacin, shi ne ya ƙi, domin takarda ta ƙarshe da ya harba kafin annoba ba ta da kyau, kuma ba ya so a ce a kanta ya tsaya.

Ranar Talatar mu uku muka je. Haji ya shiga wani ofis da takardu, ni na tsaya da Ankul a kanta. Ɗan sandan da ya karɓa matashi ne. Ya buɗe sakata ya leƙa, abin da ya sa na ji ya kwanta mini. Sannan ya ɗaga ta ya saita agogon bango, ya leƙa ta cikin idon, ya ɗan tsaya. Ya sauke, ya shafa gefen da na goge da babban yatsa, ya tambayi wanda ya ɗaura. Ankul ya nuna ni da haɓa. Yaron ya gyaɗa mini kai. Ya ɗaura mata lamba da zare a jikin kunama, ya shige da ita ciki. Ta ƙofar da ya bari a buɗe na hango ya jingina ta a layin wasu da yawa, duk da irin wannan zaren.

Muka fito muka tsaya a inuwa muna jiran Haji ya kawo mota. Ankul Tan ya jingina da ƙarfensa yana kallon titi. Ya ce, "Haladu, tun Talata ta biyu saitin nan ya zauna, ko?"

Na ce, "Tun ta biyu, Ankul."

"Ka sani."

"Na sani."

Ya gyaɗa kai. Ya ce shinkafar kedai ɗin nan ma ba wani daɗi gare ta ba, mai ya yi mata yawa. Na ce haka ne, ni ma na lura. Mota ta zo, na taimaka masa ya shiga, na naɗe ƙarfen na sa a but. Haji ya ce in shigo ya sauke ni, na ce hanyarmu ba ɗaya ba ce, LRT tana kusa. Ankul ya sauke gilashi ya miƙo hannu, na riƙe da hannu biyu. Ƙarshen wata ya tafi. Sau ɗaya ɗan nasa ya aiko wa Haji hoto, tsohon yana zaune a wani lambu da bargo a kan ƙafa.

Makon da ya biyo baya Haji ya same ni a ɗakin gyara ina share bais. Ya ce tunda na saba, ko ya bar mini Talata ta zama ranar hutuna, in riƙa zaga gari. Na ce a'a, Haji, a zuba mini aiki. Ya je ya ɗauko wata bindiga mai tsagaggiyar ƙota da ta daɗe tana jira, ya ajiye a gabana. Na ja sakata na leƙa.